Sakin da Magaji Bai Yi Ba

Kaset ɗin Ilyasu ya iso ranar da na cika kwana ashirin da uku cikin takaba. Kawu Balarabe, ƙanin surukata, shi ya karɓo shi a posta. A gaban ambulan an rubuta Magaji Ɗanmaraya, wanda aka aiko wa. A baya ma an rubuta Magaji Ɗanmaraya, wanda ya aiko. Mai posta ya saba, ya daɗe da daina tambaya.

Ga yadda abin ya faro. Shekarun baya, lokacin da ake ɗaukar yara lakol, makarantar boko, da ƙarfi, maigari ya rubuta sunan mijina Magaji, yana ɗan shekara takwas. Ubansu Ɗanmaraya ya ce ba zai ba da mai riƙe masa hauya ba. Ranar da mushe, malamin lakol, ya zo da jandarma ɗaya, aka wanke ƙaninsa Ilyasu, aka ce masa in an kira Magaji ya amsa. Ya tafi yana kuka. Ba gidanmu kaɗai aka yi haka ba, gidaje da yawa gabas da Gazawa sun yi. Sai dai yaran wasu sun gudo bayan shekara ɗaya ko biyu, shi kuwa Ilyasu karatu ya karɓe shi. Ya yi Maraɗi, ya yi Yamai, daga nan aka tura shi Faransa koyon aikin ruwa, duk da sunan wansa.

Takardar haihuwa ɗaya ce aka yi, da sunan Magaji. Da mijina ya fara kai wake Najeriya, jandarmomin kan iyaka suka dame shi da tambayar kati, sai ya ɗauki takardar nan ya yi katinsa da ita. Ai sunansa ne. Da aka haifi ɗiyarmu Nazira aka ce sai an rubuta aurenmu kafin a yi mata takarda, muka je buron gwamnati a Agiye aka rubuta. Babu wanda ya ga laifi a ciki.

Maciji ne ya sare shi a gonar wake, cikin damina, shekarar da ta biyo bayan Taron Ƙasa. Kafin amalanken jaki ta kai shi likita a Gazawa ya cika. Ba a gaya wa Ilyasu ba. Inna Delu, uwarsu, ta ce yana jarrabawar ƙarshe, a bar shi ya gama.

Da la'asar muka sa kaset ɗin a rediyon mijina, ni da Inna da Kawu, a ƙofar ɗakina.

"Salamu alaikum, Yaya," in ji muryar. "Ina Inna? Ina matata Barira? Ka ce mata har yanzu ban ga wadda ta kai ta iya ƙona tuwo ba."

Haka muke wasa da shi tun zuwana gidan. Inna ta ja gyale ta rufe fuska.

Ya ce ya ci jarrabawa. Ya ce katin zamansa na ɗan lakol ne, ƙarshen watan Oktoba zai mutu, daga ranar duk ɗan sandan da ya tare shi zai iya sa shi jirgi. Wani kamfanin ruwa ya so ɗaukarsa, amma aka hana shi takardar izinin aiki, aka ce sai in an rasa ɗan ƙasa. Waɗanda suka komo gida bara kuwa suna zaune Yamai, gwamnati ta daina ɗauka. Sai muka ji yana gyara murya.

"Yaya, akwai wata yarinya. Rufaida sunanta. Iyayenta mutanen Maroko ne, amma nan aka haife ta, ƴar ƙasa ce. A gidan likita take aiki. Shekara biyu muna tare da sanin ubanta. Ba don kati nake son ta ba, ka faɗa wa Inna haka. Amma in aka ɗaura a buro kafin katin ya mutu, za su bar ni in zauna, in yi aiki. Abu ɗaya ya rage. Suna son takarda daga gida mai cewa ba ni da mata. Ka je Agiye ka karɓo mini, ba wuya. Zan kira posta ta Agiye ranar Laraba ta sama da ƙarfe sha ɗaya, ka tsaya kusa da waya. Kada ka aiko Kawu, ba ya ji da kunnen hagu."

Kawu ya yi ƴar dariya, sai hawaye suka biyo ta.

Kwana biyu bayan haka Kawu ya je Agiye. Ya dawo da azahar bai ko sha ruwa ba, ya zauna kan turmi.

"Sun buɗe littafi," ya ce. "Magaji Ɗanmaraya yana da mata. Barira ƴar Sae Sabuwa. Suka ce ba za su rubuta abin da littafi bai ce ba."

"To ai wanda ke da matar ya rasu," in ji Inna. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne.

"Na kusa faɗin haka, Yaya Delu. Allah ya sa na fito na fara tambayar Cindo."

Cindo tsohon mushe ne, yana zama gindin itacen bedi a ƙofar buro da ƴar na'urar buga takarda, yana rubuta wa mutane wasiƙa da ƙara. Kawu ya gaya masa komi. Cindo ya ce in aka rubuta mutuwar Magaji, to wanda ke Faransa ne ya mutu, da fasfo ɗinsa da takardun karatunsa duka. In kuma aka ce a gyara daga tushe, a yi wa Ilyasu takarda da sunansa na gaskiya, shekara ba za ta isa ba, kuma karatun shekara ashirin zai zama na wani.

"Sai mi?" Inna ta ce.

Kawu ya kalli ƙasa. "Sai in matar ta je jastis gaban alƙali, da shaidu biyu, ta ce mijin yana ƙasar waje, ya aiko mata da saki, idda ta ƙare. Sai a rubuta ba shi da mata."

Ba wanda ya dube ni. Nazira tana can tana korar kaji daga shanyar kuɓewa.

Na shiga ɗaki. Rigar mijina ta gona tana rataye inda ya bar ta. Shekara bakwai muna tare, ko yaji ban taɓa yi ba. Mutumin da na zauna dominsa ba kwalli ba kitso, ba na taka ƙofar gida, shi ake so in ce ya kore ni. Kuma mutuwarsa ba za a taɓa rubuta ta ko'ina ba.

Inna ta shigo bayan sallar la'asar ta tsaya bakin ƙofa.

"Ba zan roƙe ki ba, ɗiyata," ta ce. "Ɗaya ya tafi. Ɗayan in ya komo, ya komo, gero bai ƙare ba."

"Na ji, Inna."

"Ni na wanke shi da hannuna ranar nan. Ni na ce ya amsa."

Ta juya ta fita.

Kwanakin da suka biyo ban iya cin abinci ba. In na ce zan yi, sai in ga kamar mijina yana tsaye yana kallona. In na ce ba zan yi ba, sai in tuna maganarsa. Duk lokacin da wasiƙar Ilyasu ta zo, yakan riƙe ta ya juya ta, shi da bai iya karatu ba, ya ce, "Yaron nan kukana ya je ya yi. Ina bayan rumbu ina leƙe aka tafi da shi, ban fito ba." Yakan faɗa da dariya, amma ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Ranar Laraba na ce da Kawu ni zan ɗauki wayar. Wannan ce fitata ta farko. Na lulluɓe har goshi, muka shiga motar Agiye. A posta aka zaunar da mu kan benci. Sha ɗaya ta yi, ta wuce. Sha biyu saura wayar ta yi ƙara, ma'aikacin ya miƙo mini.

"Yaya?"

"Ni ce, Mushe." Haka nake kiransa.

"Matata! Ina mijin namu? Tsoron waya yake, ya turo ki?"

Ina jin numfashinsa kamar yana bayan zana.

"Barira?"

"Sai haƙuri," na ce. "Yau kwana talatin."

Ma'aikacin posta ya juya mana baya yana gyara wasu takardu. Da Ilyasu ya dawo da magana, muryarsa ta zama ta yaro. Ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa. Sannan na faɗa masa abin da littafin Agiye ya ce, da abin da Cindo ya ce.

"A'a," ya ce. "Kada ki yi. Zan komo. Ni zan riƙe gonar."

"Kai? Da wane hannu? Wancan zuwan da ka yi, kunya ɗaya ka nome ka kwana biyu kana jinya."

"Barira, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Yarinyar mutane fa? Ka bar ta da mi?"



"Ta san sunanka?" na ce.

"Ta sani. Ilyasu take ce mini."

"To ka je ka gaya mata za ta ga takarda mai cewa ka taɓa aure har da ɗiya. Kada ta gani ta fasa."

"Ba zan iya sa ki wannan ba."

"Ba kai ka sa ni ba."

Sai layin ya yanke. Ban san na yanke shawara ba sai da na ji ta a bakina.

Daga posta muka wuce gindin bedi. Cindo ya sa takarda a na'ura yana bugawa da yatsa biyu. Ya ce dole a sa ranar saki da nisa, yadda idda ta daɗe da ƙarewa.

"Mu ce washegarin ƙaramar salla," ya ce. "Ba za ki manta ba."

Ba zan manta ba kuwa. Ranar ce mijina ya hau gyaran jinkar ɗakina, ƙafarsa ta ɓurma ta leƙo ciki daidai kan gado, Nazira ta yi ta dariya har ta shaƙe. Cindo ya ci gaba da bugawa.

"In alƙali ya tambayi saki nawa, ki ce uku. Ya fi tsabta, ba sauran tambaya."

Alƙali ranar Alhamis yake zaman irin wannan shari'a. Muka ce gobe. Da muka zo washegari muka tarar da ƙofa a rufe, an manna takarda. Ma'aikata sun shiga yajin aiki. Shekarar nan haka take, yau a buɗe gobe a rufe, kowa na maganar jam'iyya da zaɓen da ke zuwa. Mai gadi ya ce wataƙila Litinin, wataƙila wata.

Kullum da hantsi Kawu yakan kunna rediyo mu ji ko an janye yajin. Alhamis ta sake zuwa, ba a janye ba. Aka yi sadakar arba'in, mutane suka cika gida suna yi mini gaisuwa, ni kuwa takardar Cindo tana ƙarƙashin tabarmar da nake zaune a kai. Aka fara yankan gero. Ina ƙirga kwanakin Oktoba da ƙwayar wake cikin ƙoƙo, kullum in cire ɗaya. Ina tsoron kada a buɗe a makare. Ina kuma tsoron a buɗe.

Da wake ashirin da huɗu ya rage aka ce an koma aiki.

Da safiyar Alhamis na fito da tsohon zanen takaba. Inna ta dube ni ta girgiza kai.

"In alƙali ya gan ki haka, ba sai an faɗa masa ba."

Ta buɗe akwatina ta ciro atamfar salla. Ta zaunar da ni, ta tsefe mini kai ta kama shi gida biyu. Sannan ta ɗauko tandun kwalli. Ta riƙe haɓata ta zizara mini, ido ɗaya, sannan ɗayan. Nazira ta leƙo ta dube ni ta ce, "Inna ta yi kyau. Biki za a je?"

Kawu ne shaida na farko, na biyu kuwa wani ɗan ɗakinsa ne da ke zaune Gidan Sori, aka kira shi don ba a san fuskarsa a Agiye ba. Muka zauna a farfajiyar jastis muna jiran kira. Mutane da yawa, shari'o'in mako biyu sun taru. Ina sunkuye sai na ji murya a kaina.

"Barira? Ke ce? Ya haƙuri?"

Talatu ce, mai sai da man gyaɗa a ƙauyenmu, ta zo shari'ar iyakar gona. Magatakardan alƙali yana tsaye bai fi taku biyar ba, da takardu a hannu.

"Da godiya," na ce a hankali.

"Allah ya jiƙan..." Sai ta ga idona. Ta ga atamfar. "Har kin fita?"

Kawu ya tashi ya kama gefen gyalenta. "Talatu, zo ki ji, man nan da kika ba mu ran nan..." Ya ja ta har bakin ƙofa. Na saci kallon magatakardan. Yana lasar yatsa yana buɗe takarda. Ban san ko ya ji ba.

Bayan azahar aka kira mu. Alƙalin ba tsoho ba ne, yana da tabarau, da wani malami zaune a gefensa. Ya karanta takardar Cindo, ya ɗago.

"Baiwar Allah, sunanki?"

Na faɗa.

"Sunan mijinki?"

Tun da aka kai ni gidansu ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Baban Nazira nake cewa, kafin ita kuwa maigida. Na kalli Kawu. Alƙali ya ce, "Ke nake tambaya, ba shi ba. Nan ba a kunya."

"Magaji," na ce. "Magaji Ɗanmaraya."

"Yana ina?"

"Ya yi nisa."

"Takarda ta ce Faransa."

"I, Faransa."

"Ya sake ki?"

Akwai fanka a sama, ba ta juyawa. Na ji kwalli yana cin idona. Na ce a raina, ka yafe mini, kai ka san abin da ya kawo ni.

"Ya sake ni."

"Yaushe?"

"Washegarin ƙaramar salla."

"Saki nawa?"

Kawu ya yi tari. Na san uku aka ce in ce.

"Ɗaya."

Alƙali ya duba takardar. "Nan an rubuta uku."

"Mai rubutun ne ya ƙara. Ɗaya ne."

Na ga zufa a wuyan Kawu. Alƙali ya juya wajen malamin, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Malamin ya tambaye ni ko ya mai da ni cikin idda, na ce a'a. Ya tambaya ko akwai ciki, na ce babu. Ya ce to aure ya ƙare, ɗaya ko uku. Aka tambayi shaidu, suka ce haka ne, ɗaya ne, su ma sun tuna.

"Mi ya haɗa ku?" in ji alƙali, yana rubutu.

"Ba komi. Bai taɓa yi mini komi ba."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Haka ƴan boko suke. In sun ga duniya sai su manta da wadda ta jira su." Ya sa hannu. "Ki yi haƙuri. Allah ya ba ki wanda ya fi shi."

Ban ce amin ba.

A waje Kawu ya ce, "Kin kusa kashe mu. Mi ya hana ki ce uku?"

"Uku ba a komawa, Kawu."

Muka tsallaka buro, aka buɗe littafin nan aka rubuta a gefen sunana, aka buga wa takardar tambur aka ba mu. Washegari Kawu ya kai ta Maraɗi da kansa, ya sa ta a postar jirgi.

Ni kuwa tun a tashar Gazawa na roƙi ruwa wajen mai koko na wanke idona. Da na isa gida na cire atamfar, na tsefe kan, na koma kan tabarmata. Amma Talatu ta riga ni isowa. Kafin mako ya zagayo, har Sae Sabuwa an ji cewa matar Magaji ta sa kwalli kwana arba'in da biyar da rasuwarsa, an gan ta a Agiye da atamfa. Babana ya aiko a tambaye ni. Na ce a ce masa gaskiya ne. Ba zan iya faɗin dalili ba, don in maganar ta kai kunnen da bai kamata ba, takardar ta zama banza. Wasu matan da ke zuwa taya ni zama suka daina zuwa.

Wake yana ta raguwa a ƙoƙo, ba labari. Goma sha biyar. Goma. Inna ta daina zuwa gona, tana zaune a zaure tana kallon hanya. Na ce a raina, in takardar ta ɓata a hanya fa? Na yi ƙaryar, na zubar da mutuncina, kuma a sa Ilyasu jirgi.

Wake shida ya rage aka kawo wayar tangaraho daga posta. Kawu ya kai wa mushen lakol ya karanta. Kalma kaɗan ce. Takarda ta iso, an karɓa, an sa rana. A ƙasa an sa Magaji.

Inna ta yi sujada a tsakar gida. Ni na shiga ɗaki na zuba sauran waken cikin tukunya.

Wata huɗu da kwana goma suka cika cikin sanyi. Mata suka zo da sabulu da sabon zane za su fitar da ni. Na ce su dawo gobe. Suka ce ai lissafi ya cika, liman ma ya ce yau ne. Na ce na sani, akwai kwana ɗaya da ban yi ba, ranar da na sa kwalli.

Inna ta ce musu, "Ku bar ta. Ku dawo gobe."

Ta shigo ta zauna kusa da ni kan tabarma, muka yi wunin tare.